Magen Inna Tabawa

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga Yayata Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce ta ƙanwa mai kewar yayarta, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya lau, ke da Yaya Abdulkahar da yara da duk wanda ke cikin gidan. Allah Ya ƙara wa gwiwar nan taki sauƙi, Ya sa daminar bana ta yi muku albarka a Gusau. Mu ma nan alhamdulillahi. Sukarin Ummi ya sauka tun da na ɓoye mata gwangwanin madarar nan mai zaƙi, sai dai har yau harara take bi na da ita. Maigida Abu Nayef yana nan yana fama da aikinsa na tashar jirgin ruwa. Nayef ya gama jarrabawa, yanzu ba shi da aiki sai barci da buɗe firiji. Razan kuwa ta ce in gaya miki tana jin duk Hausar da kike yi mata, bakinta ne kawai ya ƙi ba ta haɗin kai. Zafin Jidda dai kin san shi, bana har bango gumi yake yi.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira, domin ni da ke ba mu taɓa ƙarasa magana a waya ba. Ki katse ni, in katse ki, Ummi ta zo ta ƙwace wayar ta fara tambayar kuɗin daddawa. Kuma maganar Inna Tabawa tsakiyarta kawai kika sani, ba ki ji farkonta da kyau ba, ba ki ji ƙarshenta ba. Ina so ki ji ta a jere, ki karanta wa mutanen gida, don su san abin da idonki ya yi mana daga nesa. Wallahi Yaya, godiya ce ta cika mini ciki, ban san ta inda zan fara ba.

Kin san dai malja ɗinmu na Khumra, wato gidan da muke tara magunan titi marasa lafiya muna jinyarsu. Wani tsohon sito ne tsakanin garejin manyan motoci da shagon kafintoci. Ni ba likita ba ce, aikina shi ne riƙon waya. In an ga mage ta karye ko ta maƙale a injin mota, ni ake kira, ni zan nemo wanda ke kusa cikin 'yan sa-kai, in san wa ke da mota, wa ke da keji, wa zai kwana da ita in gidan ya cika. In ta warke kuma ni ke tantance wanda zai ɗauke ta riƙo. 'Yan sa-kan nan Allah Ya saka musu, ba sisin da ake ba su, amma su ma sai da haƙuri. Wani zai zo da zafinsa kamar zai kwashe magunan Jidda kaf, mako ya zagayo ki neme shi ki rasa. Saboda haka na kafa dokoki, nake kuma tsawa a kansu. Babbar cikinsu ita ce: mage mai abin wuya, ko mai ɗan ƙarfen shaidar nan da likita ke sa wa a ƙarƙashin fata, tana da mai ita, ba a taɓa ta. Wadda ba ta da ko ɗaya, ta titi ce. Da wannan dokar muke aiki tun da aka buɗe gidan, ba ta taɓa ba mu kunya ba sai a wannan karon.

Ran nan sai wata baiwar Allah ta turo hoto a gurup ɗinmu, ta ce ta je sayen yadi a kasuwar Bab Makka ta ga maguna a wani lungu duk jini a goshinsu da ƙafafunsu. Hoton daga nesa aka ɗauka, dishi-dishi, amma ga ja nan a jikin farin gashi. Kan ki ce me gurup ya kama da wuta, wannan na kuka, wancan na tsinuwa. Ni ma raina ya ɓaci, na ce yalla, maza a je a kwaso su. Na tura Majid, wani injiniya mai a-kori-kura, mutumin kirki wanda bai taɓa ce mini a'a ba. Ya je da sassafe kafin kasuwa ta buɗe, don lokacin ne suke jin yunwa, suna shiga keji ba gardama. Ya duba wuyansu, ba komai. Ya tambayi wani mai shagon takalma da ya tarar yana shara, shi kuwa sabon zuwa ne, ya ce ai na titi ne. Halas, shi ke nan, Majid ya loda su ya kawo Khumra, muka yi ta yi masa sannu da aiki.

Dakta Othman, likitan da ke duba mana su, yana sa hannu ya ce wannan ba jini ba ne, lalle ne. Yaya, da a ce nan muka tsaya muka yi tunani! Amma ina. Sai aka shiga kawo fassara. Wasu suka ce yara ne ke wasa da su don su ɗauki bidiyo, wasu suka rage murya suka ce sihiri ne, har wata ta ƙi shiga ɗakin sai da ta karanta Falaƙi da Nasi. Likita kuma ya ce lalle yana cutar da mage in ta lashe shi da yawa, sai muka ƙara samun ƙarfin gwiwa cewa ceto muka yi. Babu wanda ya kawo a ransa cewa lallen shaidar mai su ce, har ni da na tashi a unguwar da ake shafa wa akuya lalle. Aka yi musu allura, aka aske wurin, gashi ya fito fari tas. Akwai wata fara sol a cikinsu, mai sanyin hali, tana ƙin cin abinci sai an zauna kusa da ita. Ranar da muka buɗe ƙofa ga masu neman riƙo, wata malamar makaranta mai suna Tahani ta zo. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, 'ya'yanta suna Riyad, ita kaɗai ce a gida. Ta zauna a ƙasa gaban kejin, magen ta ci a hannunta. Ni da kaina na miƙa mata ita, har ina cewa mashallah, Allah ne Ya haɗa su.

Daga nan ne kika shigo. Don murna na ɗora hoton magen a shafina na waya inda kowa zai gani, na ranar da aka kawo ta da na ranar da ta tafi, ina ta alfahari. Ko sallama ba ki yi ba da kika kira. Kika ce Nuha, ɗigo uku a goshi da ƙafar dama ta gaba a tsome, wannan hannun Inna Tabawa ne, haka take yi wa kajinta da awakinta a saman soro, kun kwashe wa tsohuwa dabbobinta kuna murna? Ke kika zauna a gabanta shekara da shekaru kina koyon ƙunshin amare, ni lokacin ina can ina guje-guje a lungu, abin da na sani nata bai wuce alawar gyaɗar da take cusa mini a aljihu ba. Kuma tun da aka rushe unguwarmu kowa ya kama gabansa, ba wanda ya san inda ta faɗa. Wasu sun ce ta koma Makka, wasu ma sun ce ta rasu, har Ummi ta yi mata sadaka. Ashe tana nan cikin garin nan, ni kuwa na aika an yi mata sata da sassafe.

Bayan la'asar na ɗauki abaya na nufi Bab Makka. Na wuce masu yadi da masu dabino na isa layin matanmu da ke kasa kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Ina ambaton maguna sai suka yi mini caa. Wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa ta ce au, ku ne? Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Da na faɗi sunan Ummi sai ta tafa hannu ta yi salati, ta ce da Balarabiya ce ta yi wannan da sai a ce ba ta sani ba. Su suka gaya mini Inna Tabawa ta yi ta zagaya lunguna tana kira, safe da yamma, ga idonta ya yi yana, har ta yi tuntuɓe da bakin kwata ta faɗi. Tun daga ranar take kwance. Abinci kuwa sun yi lallashi sun yi faɗa, ta rufe baki, sai ruwa kawai.

Mai gyaɗar ce ta raka ni wani ɗan ɗaki a ƙasan wani tsohon gini bayan shagunan yadi. Yaya, da kin gan ta da kin yi kuka. Matar nan da in ta yi dariya ake ji har bakin titi, ta koma ɗan ƙulli a kan katifa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce. Ta lalubo fuskata da hannu, ta tambayi Ummi, ta tambaye ki, ta ce ko har yanzu kina cika ruwa a kwaɓin lalle. Sannan na daure na gaya mata magunanta suna raye, suna wurina, ni na sa aka kwashe su. Na zaci za ta zage ni, da ta zage ni ma da na fi jin daɗi. Sai kawai ta ɗaga hannu sama tana hamdala hawaye na zuba. Ta ce ita duk zatonta guba aka ba su, abin da ya hana ta ci kuwa shi ne tunanin me za ta ce wa Ubangiji in Ya tambaye ta amanar da Ya ba ta.

Washegari Majid ya mayar mata da waɗanda ke hannunmu. Bawan Allah ya tsaya a bakin ƙofa da keji a hannu yana ta ba ta haƙuri yana kiran ta Khala, wato Gwaggo. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayensu, sai ta tsaya ta ce ina Amarya. Ita ce farar da Tahani ta ɗauka. A ƙarƙashin gadon Inna aka haife ta a tsohon gida, kuma ranar da za a rushe gidan, a kwando ta fito da ita, ta bar tukwane da akwatuna don hannu biyu gare ta. Kin san ba ɗa ba jika, wannan magen ce kaɗai ta rage mata daga can. A nan ta yi mini bayanin lallen. Ta ce da dai don a san suna da mai su take yi, kamar yadda aka saba. Amma tun da ido ya tafi, komai hazo take gani, jan nan a kan fari shi kaɗai ke fito mata, da shi take gane nata a cikin magunan kasuwa. Na ce mata Amarya na lafiya a gidan wata mata. Ta ce to, ta juya ta fuskanci bango. Kunun da mai gyaɗa ta dama a nan ya huce.

A nan fa na yi ɓarna ta biyu. Na kira Tahani ina tafe a mota, raina a ɓace, na fara da cewa an samu kuskure, sai ta dawo da mage. Ta ce wace magen, Lulu? Don har ta sa mata suna. Ta ce ba za ta mayar da ita hannun wanda ke shafa mata abin da likita ya ce yana cutarwa ba, ya kuma bar ta tana yawo a kasuwa. Ta tuna mini cewa ni da bakina na ce mata riƙo ba wasa ba ne, wanda ya ɗauka ya ɗauka ke nan. Gaskiyarta ce, amma ni a lokacin tsohuwa kawai nake gani a kwance. Na ce mata rai ne fa ke cikin haɗari. Ta ce ita ma rai gare ta, tun da mijinta ya rasu ba ta yi barcin kirki ba sai da magen nan ta fara kwana a ƙafarta. Na ɗaga murya, ta ɗaga, na faɗi wata magana a kan masu gidajen na'urar sanyi da ba su san wahala ba, ta kashe wayar. Na sake kira na tarar ta toshe ni.

Da na koma gida na zayyana wa Ummi, sai ta dube ni ta ce duk karatun da na yi ban san ba a roƙo a waya ba. Ta ce abin da kike so a hannun mutum, ƙafarki za ki kai gidansa, ki tafi da babba, ki zauna inda aka ajiye ki. Ta sa na fito mata da abayarta ta zuwa biki, ta ƙulla turaren wutan da kika aiko mata wanda ko ni ba ta ɗiba mini, ta sa Razan ta soya dubulan. A mota ta ce in na buɗe baki a gidan matar nan sai ta saɓa mini. Tahani ta buɗe ƙofa ta gan ni ta haɗe rai, amma ganin tsohuwa da sanda ya sa ta matsa. Aka kawo gahawa. Ummi ta yi mata ta'aziyyar mijinta kamar jiya aka yi rasuwar, ta tambayi ciwon da ya yi, ta ba ta labarin yadda ita ma ta yi shekara ba ta iya kashe fitila bayan rasuwar Baba. Magen tana kwance a kujera ta yi ɓul-ɓul, Ummi ko kallon ta ba ta yi ba, ni kuwa kamar in fashe. Da za mu tashi sai ta ce akwai wata ƙawarta da ke kwance ba lafiya a Bab Makka, ba ta da kowa, in Tahani ta samu sarari ta zo su gaishe ta don lada. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, muka fito.

Ta zo, Yaya. Ba ta zo da magen ba, ta zo da lemo da ruwan zamzam. Ummi na zaune a gefen katifa, don tun ranar ta tare a can da rana, ta gaya wa Inna gaskiya cewa ga matar da Amarya ke hannunta. Inna ta yunƙura ta kama hannun Tahani, da Larabcinta irin na tsofaffin unguwa ta tambaye ta ko magen tana ci. Ta gaya mata ba ta son ruwan firiji, tana son kan kifi amma a cire mata ƙaya, in an yi tsawa kuma a bar ta ta shiga ƙarƙashin mayafi. Tahani ta ce mata lallen yana cutar da su. Inna ta ce ita ba ta sani ba, Allah Ya yafe mata, da hannunta take cutar da su ashe. Daga nan ta ce ba za ta ce a dawo da ita ba, tunda ga shi ko tashi ba ta iya yi balle ta nemo mata kifi. Abu ɗaya ta roƙa, kada a riƙa kulle ta ita kaɗai a gida, don ba ta saba ba. Tahani ta miƙe. Ta sumbaci kan Inna, ta ɗauki jakarta ta fita, ko kallo na ba ta yi ba.

Na ce shi ke nan, an gama. Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Muka kawo wata ma'aikaciyar jinya ta sa mata ruwa, ta ce in aka ci gaba a haka sai dai asibiti, tsohuwa kuma ta rantse ba mai fitar da ita daga ɗakin. Ummi ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesu, ta yi faɗa irin na ƙawaye, a banza. Ni kuma ga waya ba ta daina ƙara ba, mage ta faɗa rijiyar lifta a nan, wata ta haihu a kan rufin masallaci a can, ina tura mutane ina kuka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune sai muka ji sallama. Tahani ce da akwatin ɗaukar mage a hannu, idonta a kumbure. Ta ajiye a gaban katifa ta buɗe ta fito da magen, fara fat, ta yi ƙiba, tana ƙamshin sabulu. Aka ta da Inna zaune. Ta ƙura ido, ta ƙura, ta matso da fuska, sannan ta girgiza kai ta ce wannan ba tata ba ce. Ta ce kada mu yi mata wayon yara, mun samo wata fara mun kawo don ta ci abinci, ita Amaryarta ba ta kai haka girma ba. Innalillahi! Mu muka aske abin da take gane ta da shi, ga shi mun kawo mata ita ba ta gan ta ba. Na buɗe baki zan fara rantse-rantse, Ummi ta daka mini harara. Tahani ta saki magen kawai. Magen ta tsaya tana shinshina katifa, ta zagaya ta bayan Inna, ta taka ta hau kafaɗarta, ta cusa kai cikin mayafinta ta bayan kunne tana gurnani. Inna ta sandare. Sai muka ji ta fashe da kuka tana zagin ta da Hausa, wai 'yar banza mara kunya, ta je gidan mutane ta ci ta yi ƙiba ta bar uwarta a nan. Ba wanda bai yi hawaye ba a ɗakin, har mai gyaɗa da ta leƙo. Can Inna ta share fuska ta ce a ba Amarya kifi. Ummi ta miƙo kwanon farfesu, Inna ta ɓare tsoka ta ba magen, ta ɓare ta biyu ta kai bakinta.

Ina juyawa na ga ba Tahani. Na bi ta na same ta a bakin lungu ta jingina da mota, akwatin ba komai a hannunta, tana kuka ba sauti. Na ba ta haƙuri a kan maganar da na yaɓa mata, na ce akwai maguna da yawa a Khumra, ta zo ta zaɓi duk wadda take so. Ta ce a'a, ba yanzu ba, kada in yi mata gaggawa. Ta ce abin da ya hana ta sukuni shi ne roƙon da tsohuwar ta yi, don kullum in za ta makaranta sai ta kulle Lulu ita kaɗai, tana jin kukanta har ta shiga lifta. Matar nan ta koma gidan da ba kowa, da sanin ta, don wata tsohuwa da ba ta haɗa komai da ita ba ta rayu. Don Allah Yaya ki sa ta a addu'a da sunanta, Tahani, ki sa yara ma su yi mata.

Yanzu dai ga inda muke. Inna ta fara takawa da sanda zuwa bakin ƙofa. Ummi ta so ta dawo da ita Waziriyya wurinmu, ta ƙi, wai wa zai kula da 'yan kasuwa, tana nufin magunan. Lalle kuwa an daina, Dakta Othman ya kawo musu jan abin wuya mai faɗi wanda take iya hangowa, ya kuma yi alkawarin haɗa ta da wani abokinsa likitan ido. Tahani tana zuwa duk Juma'a da kifi, ita tana kiran Lulu, Inna tana kiran Amarya, magen tana amsa wa duk wanda ke riƙe da kwano. A malja kuma na canza doka. Yanzu ba mai ɗaukar mage a unguwa sai ya koma da yamma ya tambayi matan da ke zaune a wurin, in bai iya yarensu ba ya kira ni. Wasu 'yan sa-kan suna ƙorafi wai ana ɓata lokaci, na ce a ɓata. Ke kuwa Yaya, ban san da me zan biya ki ba. Kina Gusau kika ga abin da mu da ke tsaye a kansa ba mu gani ba, da kin yi shiru kin ce ba ruwanki, da yanzu wata maganar ake yi. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuriya, Ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki.

Ki gaishe mini da Yaya Abdulkahar da kyau, ki ce mun gode da zumar da ya aiko. Ki gaida Jaji, Allah Ya ba shi sa'ar karatu, da Fatimatuzzahra da mai gidanta da jaririya, muna jiran hoto. Ki miƙa gaisuwata ga Hajiya surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ummi tana gaishe ku, Abu Nayef da Nayef da Razan ma haka. Inna Tabawa kuma ta ce lallai in rubuta miki nata saƙon yadda ta faɗa. Ta ce tana gaishe ki, tana sa miki albarka, kuma ki yi wa ƙanwarki faɗa don ba ta iya miya ba. Jiya na kai mata tuwo da miyar kuka, ta ce gishiri bai ji ba, daddawa ta yi yawa, tuwon ma ya yi ruwa. Tana faɗa tana ci, Yaya, har ta sa yatsa ta suɗe kwanon.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Nuha